MADUGU, JAGABA DA MAI AKALA: YADDA A KE TAFIYAD DA WUTAR KALAMBAINA

(Jawabin da aka karanta wa 'yan kasuwa da sauran jama'a a wurin lacca a Wamakko)

Maganarmu ta yau a kan wutar nan ce ta kamfanin siminti na Kalambaina, wadda ba mazaunin ƙasar Wamakko da bai san ƙurarta ba, da kuma wata wuta 'yar'uwarta ta matatar mai a Kaduna. Kun sani duk ranar da siminti ya ɓace a kasuwa, ko mai ya yi wuya, amsa ɗaya a ke ba talaka, a ce masa inji ya lalace. Daga nan sai ya yi shiru, gama shi bai san cikin inji ba. To, muna so ku tashi daga nan da sanin cewa inji ba safai ya kan lalace haka kawai ba. Hannu uku ne ke tafiyad da kowace ma'aikata irin wannan, kuma da yawa daga cikin wahalar da ke iso mu daga rashin jituwar hannuwan nan ta ke fitowa.

Ku tuna da fataken da, waɗanda su ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja sayen goro. Ayari yana da madugu. Shi ne tun ba a ɗaura kaya ba ya san jakuna nawa za su tafi, kanwa da tufafi nawa za a ɗauka, wata nawa za a yi, da abin da za a biya sarakunan hanya. Yana da jagaba, wanda ya san zango-zango, ya san inda rijiya ta ke, shi ke cewa yau a nan za a kwana, gobe a yi sammako don a ƙetare kogi kafin rana ta take. Sa'an nan ga mai riƙe da akala, kowa da dabbobinsa, in kaya ya karkace nan take ya gyara, ba ya jiran umurnin kowa. Madugu da watanni ya ke lissafi, jagaba da kwanaki, mai akala kuwa da ƙiftawar ido. In madugu ya yanke kwana arba'in, alhali jagaba ya san kogi ya kawo, mai akala kuma ya san rabin jakunan suna ɗingishi, amma ba wanda ya gaya wa ɗan'uwansa, to, goron nan a hanya zai lalace, ko da ya ke a cikinsu ba rago ko ɗaya.

Haka ta ke a ma'aikata. Akwai mai shiri a ofis, shi ke cewa bana tan kaza za a yi, da mai iri kaza, a sayad da shi a jihohi kaza. Akwai mai jadawali, shi ke raba wannan shiri a kan kwanaki da sa'o'i: ran nan motar mai ta iso, ran nan a tsai da injin niƙa a canza masa ƙarfe, motar wane ta fara lodi. Sa'an nan akwai wanda za mu kira mai akala, yana zaune a ɗakin awo dare da rana, idonsa a kan alluna, yana ƙara wuta yana ragewa.

WUTAR DA BA TA SON A KASHE TA

Bari mu faɗi yadda a ke yin simintin, don ku ga dalilin da wannan sana'a ta bambanta da ta tela ko ta maƙeri. A kan haƙo farin dutsen nan na Kalambaina, a haɗa shi da laka, a niƙe su lilis, a zuba cikin wata doguwar tanderu ta ƙarfe, wadda ke kwance a ɗan karkace tana juyawa sannu a hankali. Zafin cikinta ya kan kai digiri 1,450, ku kuwa tuna ruwa a digiri 100 ya ke tafasa. Abin da ke fitowa ta ɗaya bakin wasu dunƙule-dunƙule ne kamar tsakuwa, sunansu kilinka. Su a ke niƙawa da ɗan jibsin kaɗan, ya zama garin da ku ke saye a buhu.

Tela in zare ya ƙare ya ajiye keke ya tafi masallaci, gobe ya ci gaba, ba abin da ya yi hasara sai yini. Tanderun siminti ba haka ba ce. In wutarta ta mutu ba shiri, tubalin da aka shafe cikinta da shi ya kan tsattsage, ƙarfen ma yana iya lanƙwasa in ba a ci gaba da juya shi ba, kuma kafin ta koma zafinta sai an ƙone mai na kwana ɗaya ko fiye ba a sami ko buhu guda ba. Sabo da haka dutse, da mai, da lantarki, da buhunan zubawa, da motocin kwashewa, tilas kowannensu ya iso a kan lokacinsa. Guda ya makara, duka sun tsaya.

An kafa wannan kamfani a 1962, zamanin gwamnatin Jihar Arewa, ya fara aiki a 1967 da ƙarfin tan 100,000 a shekara. A 1985 aka buɗe layi na biyu mai tan 500,000, aka rufe na farin a 1986. A shekarar 2000 gwamnati ta sayad da hannunta, kamfanin Scancem na ƙasar Nowe ya karɓi ragama, daga baya a 2010 abin ya koma hannun BUA. An buɗe sabon layi mai tan miliyan ɗaya da rabi a 2018, wani mai tan miliyan 3 a watan Janairu na 2022, aka ƙara irinsa a 2024.

To, ku 'yan kasuwa, ku yi lissafin nan tare da mu. Tan ɗaya buhu 20 ne. Layi mai tan miliyan 3, in yana aiki cikakke, buhu miliyan 60 ke nan a shekara, watau wajen buhu 164,000 kowace rana. Tirela tana ɗaukar buhu 600. Ashe kullum sai tirela wajen 270 ta fita, watau ɗaya a kowane minti biyar da 'yan kai, dare da rana, ba Juma'a ba Salla, kuma wannan na layi ɗaya ne kurum. Jirgin ƙasa kuwa, kun sani, tun da ya tsaya a Ƙaura Namoda a 1929 bai ƙaraso Sakkwato ba, kome a kan kwalta ya ke tafiya. In mai jadawali ya yi kuskuren sa'a uku, ku lissafa motocin da za su yi layi a kan hanyar Kalambaina.

MAHAUCI DA GANGAR MAI

Shekara da shekaru, wutar Kalambaina baƙin mai ta ke ci, baƙin man kuwa daga matatar Kaduna a ke ɗauko shi a tanka, a biyo ta Zariya, Funtuwa, Gusau, Talata Mafara, tafiyar wajen mil 300. A nan ne labaran biyu su ke haɗuwa.

An buɗe matatar Kaduna a 1980, daga baya ƙarfinta ya kai ganga 110,000 a rana, ganga ɗaya kuwa lita 159 ce. Ɗanyen mai ba a Kaduna a ke haƙo shi ba, lokacin da matatar ke aiki ta bututu ya ke zuwa tun daga Escravos, ya bi ta Warri. In ya iso sai a dafa shi a tura cikin wata doguwar hasumiya. Abin da ya fi sauƙi ya tashi sama, shi ne iskar gas da abin da a ke yin fetur da shi, ƙasa da shi kananzir, sa'an nan man dizal, can ƙarƙashi baƙin mai da kwalta su kwanta.

Mahauta na nan cikinmu, su za su fi kowa gane wannan. Wanda ya yanka sa ba zai ce tsoka kaɗai ya ke so ba. Da fata, da kayan ciki, da kai da ƙafa, duk tare su ke zuwa, kuma tilas ya sami mai sayen kowanne kafin la'asar. Gangar mai ma haka ta ke. Ba yadda za a yi a tace fetur a bar baƙin mai a cikin ƙasa. In tankin baƙin mai ya cika ba a zo an kwashe ba, ba wurin zuba na gobe, dole a rage wutar matata gaba ɗaya, fetur da kananzir su ragu tare da shi. Kun ga ke nan a wancan zamani Kaduna tana bukatar Kalambaina ta zo ta kwashe, Kalambaina tana bukatar Kaduna ta tace. In bututu ya fashe can a kudu, bayan 'yan kwanaki magini a Gwiwa ko Arkilla ya ji a jikinsa, shi da bai taɓa ganin teku ba.

Haka kuwa aka yi ta yi. Matata tana da babban gyara wanda a ke tsai da ita dominsa bayan 'yan shekaru, a buɗe kome a duba. Wannan gyara a littafin mai jadawali ya ke, amma kuɗinsa a hannun mai shiri. In mai shiri ya ce bana ba kuɗi, a ɗaga, baɗi ma a ɗaga, to, injin da aka hana shi ranar hutu da kansa zai zaɓi ranarsa, kuma ba ya shawara da kowa. Matatar Kaduna ta yi ta tsayawa tana tashi, har a lissafin da NNPC ta fitar na shekarar 2018 aka ga ba ta shigo da ko kwabo ba, ta kuma yi hasarar fiye da naira biliyan 60. Masaƙun Kaduna ma da baƙin man nan su ke dafa tukwanensu, kuma rashinsa yana cikin abubuwan da suka durƙusad da su, tare da rashin lantarki da atamfar fasa-ƙwauri. Shi ya sa layin da aka gina a Kalambaina a 2018 aka yi shi yadda zai ci kwal ko baƙin mai, daga baya kuma aka shiga kawo iskar gas a mota daga kudu. Wanda ya dogara da rijiya ɗaya ya ga abin da ya gani.

SIMINTI A KAN TEKU

Akwai wani labari da dattawan cikinmu ba su manta ba. A 1975, ƙarshen mulkin Janar Gowon, ma'aikatun gwamnati suka yi odar siminti daga ƙasashen waje wajen tan miliyan 20, mafi yawansa don ginin barikokin soja, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko abin da ta ke iya saukewa na siminti a shekara bai wuce tan miliyan ɗaya ba. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a bakin teku, wata da watanni, kowane jirgi ana biyansa kuɗin jira kullum daga baitulmalin jama'a. Wani simintin a cikin jirgi ya sha danshi ya daskare ya zama dutse. Da Janar Murtala ya hau sai da ya kafa kwamitin bincike. An ci kuɗi a ciki, ba shakka, amma ko da ba a ci ko anini ba abin ba zai yiwu ba, gama madugu ya ɗaura kayan shekara ashirin bai tambayi jagaba faɗin ƙofar gari ba.

Abin mamaki, a wannan shekara ta 1975 ne aka ba wani malamin lissafi na Rasha, Kantorovich, kyautar Nobel. Tun a 1938 wata ma'aikatar katako ta Leningrad ta kawo masa tambaya: ga injuna iri-iri, ga katako iri-iri, wane za a ba wane don a sami aiki mafi yawa? Ya fitad da hanyar lissafa amsar. A 1947 wani Ba'amurke, George Dantzig, ya gano tasa hanyar, kuma masu tace mai suna cikin waɗanda suka fara cafke ta. A 1952 an buga yadda aka yi amfani da ita wajen haɗa man jirgin sama. Wannan ya zama makamin mai shiri. Mai akala shi ma ya sami nasa: a 1959 matatar Texaco da ke Port Arthur, a jihar Tekzas ta Amurka, ta sa kwamfuta ta riƙe akalar wani sashenta, kuma wajen ƙarshen shekarun 1970 injiniyoyin Shell da wasu a Faransa suka ƙago dabarar da kwamfuta za ta hango inda zafi ya dosa ta gyara tun bai kauce ba.

Sai ku ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ina! Kowane hannu ya sami kwamfutarsa, amma kowa da littafinsa. Mai shiri da matsakaicin wata ya ke aiki. A takardarsa tanki ba ya cika, mota ba ta faci, ɗanyen man da ya zo yau daidai ya ke da na jiya. Mai jadawali ya karɓi takardar ya ga ba za ta zaunu a kan kwanaki ba, sai ya gyara a ɓoye. Mai akala kuma, tun da shi za a kama in wuta ta ɓaci, sai ya riƙa tafiya nesa da iyaka don ya kwana lafiya. Ƙarshen wata a ga abin da aka samu bai kai abin da aka rubuta ba, kowa ya nuna ɗan'uwansa da yatsa. A 2002 wasu masana biyu, Shobrys da White, suka yi rubutu a kan dalilin da hannuwan nan uku ba su aiki tare, suka nuna cewa ba laifin na'ura kaɗai ba ne, da na mutane, domin kowane ofis da abin da a ke yaba masa a kai. Mai saye ana yaba masa in ya sayo da araha, ko da abin da ya sayo zai shaƙe injin. Aikin da manyan matatu su ke ta fama da shi tun daga lokacin shi ne mayad da littattafan nan uku su zama ɗaya: awon da mai akala ya gani yanzu ya hau sama ya gyara lissafin mai shiri, shirin da ya sauko kuma ya zama wanda tanki da mota za su iya ɗauka.

Kada ku zaci maganar kuɗi ce kurum. Ran 23 ga Maris 2005, a wata matatar kamfanin BP a jihar Tekzas, ana tad da wani sashe bayan gyara. Awon da ke gaban mai akala yana nuna masa mai bai kai ƙafa 10 ba a cikin hasumiya, alhali ya haura ƙafa 150. Ƙararrawa ɗaya da ya kamata ta yi kuka ba ta yi ba. Man ya yi ambaliya, wuta ta kama, mutum 15 suka mutu, wajen 180 suka ji ciwo. Da hukumar binciken Amurka ta bi sawu sai ta tarad da masu aikin sun yi kusan wata guda suna sa'a 12 kullum ba hutu, ta kuma tarad da umurnin rage kuɗin kashewa da ya fito daga manya can sama. Wanda ya rubuta a rage kuɗi bai taɓa tsayawa gaban wannan awo ba. Muna da 'ya'ya da ƙanne da ke aikin dare a Kalambaina, shi ya sa muka kawo wannan.

HANNU NA HUƊU

Yanzu sai mu zo kanmu. A watan Oktoba na 2023 kamfanin BUA ya yi shelar zai sayad da buhu a kan naira 3,500 a bakin ma'aikata. Jama'a suka yi murna. Amma kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da yawa na ƙasar nan, har gwamnati ta kira masu kamfanonin siminti aka tsai da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Daga baya shugaban kamfanin, Alhaji Abdussamad Rabi'u, ya ce dillalai ne suka saya da araha suka sayar da tsada. Dillalai kuma suna da tasu maganar, ta kuɗin mota da jiran lodi, ga darajar naira da ta faɗi a tsakanin. Akwai dillalai a zaune a nan, ba mu zo yanke wa kowa hukunci ba. Abin da mu ke nunawa shi ne, an yanke farashi a ofis, amma wa ya sami lodi, yaushe, buhu nawa, ya kai ina, wannan yana wani littafi dabam wanda mai sayen buhu biyar bai taɓa gani ba. Inda ba a ganin littafi kuwa, nan mai ɓoye kaya ya ke kiwo.

Don haka mu ke cewa akwai hannu na huɗu da a ke mantawa, shi ne kasuwa, watau ku. Kowane magini ya san gini da rani ya ke, da damina ciniki ya kan ja baya. Mai jadawalin kirki da damina ya ke sa babban gyaran tanderu, ya tara kilinka tun kafin ya kashe wuta, don injin niƙa ya ci gaba da ba da siminti. Ranar wannan gyara ba asiri ba ce, an san ta a ofis tun da watanni. Me zai hana a sanad da ita ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na direbobi, kamar yadda a ke sanad da ranar rufe gada? In an san wuta za ta tsaya mako uku kuma an san akwai kilinka a ajiye, ba wanda zai tsaya a kasuwa ya rantse muku siminti ya ƙare a duniya. Haka layin lodi: a ba kowace mota lamba da sa'arta, a kafa a allo kowa ya gani, direba ya daina kwana huɗu a bakin ƙofa yana cin kuɗin da a ƙarshe a kan buhu za a ɗora shi. Ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ma'aikata su ma suna da hakki a cikin wannan littafi, gama matatar ƙura tana cikin abin da mai akala ke dubawa, kuma ranar da za a fasa dutse a rubuce ta ke.

Shawararmu ita ce shugabannin 'yan siminti, da na masu buga bulo, da na direbobin tirela su zauna cikin makon nan su rubuta takarda guda, da hannun kowa, su nemi a riƙa ba su ranakun babban gyara kafin faɗuwar damina, da tsarin lodi a rubuce. Wanda bai iya rubutu ba ya zo, akwai masu rubuta masa, ya dangwala. Yanzu wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da iyayenmu mata na baya, don su sami komawa gida kafin magariba.